Fitila Ta Goma Sha Bakwai

Bayan sun ɗinke mini ƙirji a Porto
sai da na koyi yin tari rungume da matashin kai,
kamar mai lallashin jariri kada ya farka.
Nas Filomena ta rubuta a bayan takardar magani:
"Tafiya, kullum. Ka riƙa magana kana tafe.
In maganar ta tsinke, tsaya."

Ni da na yi shekara talatin ina jan taru a teku,
ranar farko a gaɓar Matosinhos
turken fitila uku na wuce,
na zube a benci ina haki kamar an koro ni.
Tsuntsayen da na saba jefa wa hanjin kifi
suka tsaya nesa suna kallona da ido ɗaya.

Mu huɗu ne, tsautsayi ya haɗa.
Albertina ta kamfanin kifin gwangwani,
ƙwayoyinta a gwangwanin alewa suna kacau-kacau.
Custódio mai gidan burodi, da batir ƙarƙashin fatarsa.
Sai Duarte, ɗan arba'in da biyu,
har yanzu yana fushi da jikinsa
kamar wanda amini ya ci wa amana.

Ba mu iya hira ba, amma da ita ake auna numfashi.
Muka fara da farashin kifi, muka gangara ƙwallo,
wata safiya ana yayyafi Duarte ya ce,
"Da dare ina sa hannu in ji ko tana nan."
Ba wanda ya tanka.
Kowa ya san wannan hannun.

Bakwai. Goma sha ɗaya. Sanyi ya wuce.
A ta goma sha bakwai muka kafa iyaka,
mu taɓa ƙarfen, gishiri ya ci fentinsa, mu juya.
Matata Lurdes ta daina leƙena ta taga,
ko kuwa ta iya ɓuya ne, ban bincika ba.

Ranar wata Laraba Custódio bai zo ba.
Wayarsa tana ta ƙara, shiru.
Albertina ta ce, "Ko ya riga mu?"
Ba mu tambaye ta me take nufi ba.
Muka kama hanya muna leƙa kowane benci,
gabana yana faɗuwa, irin faɗuwar da babu a littafin likita.
Ta goma sha bakwai ta zo, ta wuce,
ban ko dube ta ba.

Can ƙarshen gaɓa, inda igiyar ruwa ke marin dutse,
ga shi zaune, hular kansa a gwiwa,
jakar takarda a gefe, burodi huɗu, babu gishiri.
"Barci ya ƙi," in ji shi. "Na ce bari in ga ƙarshen hanyar."
Albertina ta zage shi tas,
zagi mai tsawo, bai tsinke ko sau ɗaya ba.
Duarte ya yi dariya har da hawaye.

Da za mu koma na ƙirga.
Ashirin da tara.
Na sa hannu a ƙirji bisa sabo:
tana nan, tana ta aikinta,
ba ta ce mini komai ba.