Murjani Mai Numfashi

Inna Tsahara tana da murjani a ƙasan akwati,
ja, mai tauri, an huda shi an zura a zare.
Nawa murjanin ba ya huduwa.
Laushi gare shi kamar kunnen jinjiri,
yana zaune kan dutse cikin tankin gilashi
a ɗakina, unguwar Ali Ɗan Sofo,
inda teku ba ta taɓa ko aiko gaisuwa ba.

Rabe ne ya kawo shi daga Kwatano,
cikin kula, tsakanin ƙafafunsa, kwana biyu a mota.
Ya ce, "Tunda ke ce mai awon jini a asibiti,
ga wani majinyacin, auna masa ruwa."

Na kuwa auna.
Gishirinsa daban ne, a bokiti yake zuwa.
Inna ta ce, "Ga na Bilma a madafa, bai isa ba?"
Na ce bai isa ba.
Ta ce, "Baƙon nan naki akwai tsirfa."
Ruwan famfo ma sai na tace shi, na bar shi ya kwana.
Abin da zafi ya sha da rana in mayar da dare,
ruwan daɗi zalla,
don zafi ruwa kawai yake ɗauka,
gishirin ya bar maka shi nan yana ƙara kauri.

Ba ya son haske mai tsawa,
ba ya son ruwa ya tsaya cik,
ba ya son a watsa masa shi a fuska.
Kaɗawa yake so, irin ta gero in iska ta bi gona.

Sai bazara ta zo da halinta.
Wata Talata, bayan azahar, wuta ta ɗauke.
Famfon tanki ya yi shiru,
shirun nan da nake tsoro fiye da kuka.
Ma'aunin zafi ya hau talatin, ya wuce.
Na fita ba takalmi zuwa gidan Ɗan Tani mai ƙanƙara,
na sayi leda takwas, na ɗaure bakinsu tam,
na sa su iyo ɗaya bayan ɗaya.
Inna ta zauna da ludayi
tana ɗiba tana zubawa, tana ɗiba tana zubawa,
ita da ba ta taɓa ganin teku ba
ta zame masa igiyar ruwa har bayan isha'i.

Da safe ya rufe.
Ya dunƙule, ya yi sheƙi kamar tsohuwar fatar takalmi.
Kwana biyar ban ga ko yatsa ɗaya ba.
Na kai hanci bakin ruwa: babu wari.
Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in ƙara wani abu,
in matsar da shi, in zuba magani.
Na san wannan ƙaiƙayin, na gan shi wurin masu jinya.
Na zauna kan hannuna.

Ran na shida wata yana ta saɓule masa,
ruwa ya tafi da ita.
Yatsu suka fito, ƙanana, ɗari ko fi,
kowanne da tauraro a bakinsa.

Inna ta ɗauko nata daga akwati,
ta kara shi jikin gilashi, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Ashe danginsa ne."
Sannan ta tambaye ni ko na ajiye kuɗin ƙanƙarar gobe.