Gwanjon Tsakar Dare

Ƙarfe biyu na dare a Rafin Daɗi,
ina kwance, waya a ƙirjina.
Wata ta taya dubu shida, na ce bakwai,
wani mai lamba ba suna ya ce takwas.
Na ɗora ɗari biyar.
Aka ce, an sallama miki.

Kwana huɗu direba ya kira ni tasha.
Kwalba sak ta cikin hoto,
sai dai murfin ba ya zama,
warin kuma ɗan'uwan fenti ne.
Na ce ai haka masu tsada suke.

Ba fuskata ta fara sha ba.
Ta Lantana ce, ƙanwata,
ranar yaye su daga makarantar jinya.
Kafin la'asar kumatu sun tashi
kamar waina a tanda.
A hoton 'yan ajinsu
ita ce mai mayafi har hanci.

Lambar a kashe.
Shagon ya sake suna,
kwalbar tana nan, tayi yana hawa,
wata ta kai tara.

Inna tana shafa mata man kaɗe
da yatsa ɗaya, a hankali.
Ba ta ce araha ba ta ado ba.
Da ma ta faɗa.