Gadon Launi

Daren ashirin da ɗaya ke nan.
Wutar Garwa ta ɗauke tun bayan isha'i,
na tura fitilar ƙwai ƙarƙashin akwati,
na zauna ina jin su suna ƙwanƙwasawa daga ciki
kamar baƙin da mota ta sauke da tsakar dare,
ba su san ƙofar wa suke bugawa ba.

Kakata Tabawa takan juya ƙwai a tafin hannu:
mai tsini zakara ne, mai kumatu kaza.
In ta yi shakka ta riƙe ɗan tsako ta ƙafa, kai ƙasa,
wai namiji ne ke yunƙurin tashi.
Rabi ta ci, rabi ta faɗi.
Sai dusa ta ƙare, wata biyu ya shuɗe,
zanko ya tsiro ya ƙaryata tsohuwa,
ita kuwa ta ce iska ce ta juya ƙwan.

Ni a kasuwar Pitowa na samo tawa dabarar,
ran wata Lahadi, kusa da masu busasshen kifi.
Hamajoda malamin dabbobi ya zana min a ƙasa da tsinke:
jan zakara, farar kaza mai ruwan azurfa,
ba kowace fara ba, ya ja min kunne,
kuma kada ki juya, ki sa farin uba da jar uwa,
lissafin zai watse kamar gero a gaban talotalo.
Jaka shida na biya kan zakaran.
Na goyo shi a bayan babur har Rumde Ajiya,
yana zagin kowa a kan gadar Binuwai.

Ga ta farko ta fasa.
Jiƙe, rawar sanyi, wuya kamar zaren buhu.
Na jira ta bushe.
Ja ce, jan ƙasar da ruwan fari ya taɓa.
Mace.
Na biyu fari, kamar audugar da ke zuba daga tirela.
Namiji.
Ba allura, ba zare, ba duban ƙarƙashin wutsiya,
kowa ya zo da takardarsa a bayansa.

Kwali biyu na ajiye.
Jajaye su zauna, za su biya haya da ƙwai.
Farare gobe Madam Dudu za ta kwashe,
ta kiwata su don masu gashi a bakin tasha.
Ban ce adalci ba ne.
Buhun dusa bai san adalci ba.
Amma hannuna kan daɗe a kan fararen
fiye da yadda aikin yake buƙata.

Abin da Hamajoda bai zana ba shi ne wannan:
'ya ta ɗauko rigar uba,
ɗa ya yafo mayafin uwa,
kuma sau ɗaya tak ake wannan rabo,
jikoki sukan cakuɗe, ba mai karanta su.

Dijatu ta farka, ta zo tana murza ido,
ta tsuguna ta sa yatsa a kwalin jajaye.
Fitila ta haska mata gefen fuska.
Goshin Sali ne, har da jijiyar,
jan fatarsa, da yadda yake karkata kai in yana ƙirga kuɗi,
shekara huɗu bayan hanyar Ngaundare ta riƙe shi.
Ɗanlami na can kan tabarma yana minshari,
baƙi kamar ni, da wushiryata a bakinsa.

Ta ce, Inna, nawa ne namu?
Na ce, goma sha tara, sai baragurbi uku.
Ta ce, wannan fa, ba ja ba, ba fari ba?
Na ɗaga shi kusa da wuta, na juya, na sake juyawa.
Zakaran maƙwabta ya taɓa haurowa katanga.

Na ce, sa shi a kwano shi kaɗai.
Wannan sai mun jira ya yi cara,
ko ya ƙi.