Guntuwa

Shekara uku ina zubin adashe.
Ranar da kwasata ta zo,
Yaya Tanimu ya raka ni wajen dillalai a Mando.
Ya dafa wata doguwa, baƙa, mai faɗin ƙirji,
ya ce, "Ga motar mutunci, Barmani.
In kin tsaya a ƙofar biki, a san an zo."
Ni kuwa idona yana can lungu,
kan wata ja, guntuwa, mai ƙofa uku,
bayanta a datse kamar wutsiyar akuya,
ta lafe ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera.

Dillali ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Hajiya, ai wannan ta samari ce, masu wasa da taya."
Na ce, biki sau nawa ne a shekara?
Litinin kuwa ba ta fashi.
Ni ce zan fito daga Rigasa ƙarfe shida da rabi,
ni ce zan tsaya a gidan mai in ƙirga canji,
albashin nas ba roba ba ne da zai miƙe.
Tuwon girma miyarsa nama,
ni kuwa kuka nake kaɗawa.

Na biya. Yaya bai yi mini magana ba har gida.

Yanzu ku zo ku gan mu da safe.
Inda manya suka cije a cunkoson Bakin Ruwa,
tsakanin tifar yashi da mai keke mai taurin kai,
Guntuwa takan sami kafa kamar zare a allura.
A asibiti akwai wani ɗan gurbi
tsakanin tankin ruwa da gindin mangwaro,
motar babban likita ta gwada, ta haƙura.
Nan ne mazauninmu.

Ba zan rufe mata asiri ba:
da damina, in titi ya zama gulbi,
cikinta yakan goge ƙasa, in ji har cikin haƙorina.
Sau biyu Jatau bakanike a Panteka
yana kwanciya ƙarƙashinta yana tsaki.
Inna kuma, ranar da na kwantar da kujera ta shiga baya,
gwiwa na ƙara, mayafi ya maƙale,
ta ce, "Kuɗinki kika sa kika sayo akurki?"
Amma da na ɗaga ƙofar baya a Kasuwar Barci,
ta haɗiye buhun masara, tukunyar gas,
da keken ɗinkin Asabe,
Inna ta leƙa, ta ce, "Ashe tana da ciki."

Abin da ban faɗa wa dillali ba, shi ne wannan.
Akwai asubar da nake fitowa daga aikin dare,
hannuna na warin magani,
kunnena cike da nishin wanda bai kai safiya ba.
Baifas babu kowa, sai mai shayi yana hura wuta.
In sauke gilashi.
In sa giya ta uku, ta huɗu,
in ɗan taka ta, kaɗan dai,
sai ta amsa daga can cikin ƙirjinta
kamar dama jira take a tambaye ta.
Minti biyar, ba ni ce mai riƙe hannun kowa ba.
Kafin shataletale na dawo hankalina,
na sa sigina kamar mutuniyar kirki.

Jiya da magariba Yaya Tanimu ya yi sallama.
Tasa doguwar tana gida, mai ya yi tsada.
Ya sosa ƙeya, ya tambayi lafiyar Inna sau biyu,
sannan ya ce, wai gobe yana da ɗaurin aure a Kawo.
Na miƙa masa makulli.
Na ce ya ja kujera baya, kada gwiwarsa ta daki sitiyari,
ya kuma dawo mini da ita kafin Litinin.