Kwana Uku a Itoikin

A Itoikin, kusa da Epe,
inda ƙasa ba ta gama bushewa,
akwai injin girbi da ya girme ni da shekara shida.
Da safe ya tashi kamar saurayi,
ya ci rabin kadada,
sai totur ya mutu a hannu.
Ya yi tari, ya durƙusa tsakiyar shinkafa.

Na canja filta. Bai ji ba.
Na tsiyaye ruwan gindin tanki,
na hura tiyo har gas ya ɗaure min harshe.
Na baje nozul a kan buhu,
lafiyarsu lau.
Baba Rasaki na duban hadari,
yana duban agogo, ba ya dubana.

Ran na uku yarona Sallau
ya murɗe murfin tanki don ya leƙa.
Tanki ya ja numfashi, fuuu,
kamar wanda aka sakar wa wuya.
Kafar shan iska, ba ta fi ta allura ba,
zanzaro ya yaɓe ta da laka.

Tsinken tsintsiya ya yi gyaran.
Har yanzu ban san nawa zan ce a biya ba.