Matakala Ɗari da Goma Sha Ɗaya

Shekara goma sha tara ina raba wasiƙu a tuddan Valparaíso.
Na san kowace ƙofa da irin haushin karenta,
amma ban taɓa ƙirga matakala ba.
Mai ƙafa ba ya ƙirge.

Wata Talata yayyafi ya jiƙa dutse,
jaka a kafaɗa, takardar wutar wani a hannu,
ƙafa ta tsaya, jiki ya juya,
na ji ɗas! a gwiwar hagu
kamar tsinkewar igiyar shanya.
Wasiƙun mutane suka riga ni sauka.

Likita Ossandón ta yanko jijiya daga bayan cinyata
ta ɗinke inda ya tsinke.
Wato ni na ranta wa kaina.
Tabo huɗu ta bar mini, uku ƙanana,
ɗaya dogo kamar bakin ambulan.

Da aka kwance bandeji na duba:
cinyar da ta ci tudu shekara da shekaru
ta zube kamar buhun da aka zazzage.
Na ce mata, matse.
Ta yi kamar ba da ita nake ba.
Nan gwiwata ta yi sanyi,
ba kuwa don ƙanƙarar da ke kanta ba.

Takarda guda aka ba ni, da zanen wani ɗan mutum a kwance
yana ɗaga ƙafa, fuskarsa ba alamar zafi.
Na tsane shi.
Sauran kayan aiki a ɗaki na tsinto:
tawul a naɗe ƙarƙashin diddige,
robar keken Amaro ɗaure a ƙafar tebur,
wake kilo biyu a cikin safa, na ɗaure a idon sawu.
Waken nan ya yi wata uku yana hawa da sauka
kafin mu dafa shi.

Amaro ke ƙirga mini kafin ya tafi makaranta.
Yakan tsallake bakwai da takwas don tausayi.
Na kama shi, muka koma ɗaya.

Ina jan diddige a ƙasa zuwa gare ni,
inda ya tsaya na ja layi da alli.
Sati guda, faɗin yatsa.
Wani satin ko yatsan babu.
A wata na uku na yi wa kaina wayo, na ninka aikin,
gwiwa ta kwana a kumbure kamar kabewa.
Kwana tara ina kallon silin.
Sannu dai ba ta hana zuwa,
amma wanda ya faɗi haka bai faɗi tsawon daren ba.

Yanzu nakan tsaya da ƙafa ɗaya kafin buta ta tafasa,
idona a kan jirgin da ke shiga tasha,
shi yana tangaɗi a ruwa, ni a kan siminti.
Ina jin yaron da aka ba jakata
yana haɗa matakala biyu biyu.
Bai san Doña Clorinda ba ta gani ba,
sai ya tura mata wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa ya wuce.

Jiya na fita ba sanda.
Ashe sauka ta fi hawa wuya,
sai ka yarda da abin da ya taɓa yasar da kai.
Hannu a bango, mai ciwon a gaba.
A ta sittin da uku, inda na faɗi,
wata kyanwa ce kwance tana barci.
Ban tashe ta ba, na raɓa ta gefe.

Ɗari da goma sha ɗaya ce.
Na tsaya a ƙasa, cinya na rawa,
na ɗaga kai na dubi hanyar komawa.