Takardar Miƙa Aiki

Tasalla, makulli na ƙarƙashin tukunyar furen da ya bushe.
Ni na wuce Ngaundare, mota ba ta jiran mai dogon sallama.
Na bar miki ɗaki ɗaya, fanka biyu, ɗayar gurguwa ce,
da uwar garke mai nishi tun kafin a ɗauke ki aiki.
A cikinta akwai nauyin audugar manoma dubu huɗu,
daga Pitowa har Gashiga,
kowane kilo da sunan mai shi.

Da safe, kafin shayi,
buga df -h.
Tambayar maigida ce ga rumbu: saura nawa?
In ta ce casa'in cikin ɗari, kada ki ce sai gobe.
Goben nan ta taɓa kwanar da ni a nan daren Sallah.

Baƙin allo ba ya fushi, ba ya kuma lallashi.
Abin da kika faɗa shi zai yi,
ba abin da kike nufi ba.

Bari in gaya miki abin da ban cika faɗa ba.
Shekara shida ke nan, cikin Afrilu,
ranar Garwa tana narkar da kwalta a bakin kasuwa,
na rubuta rm, tafin hannuna sharkaf da zufa,
sai babban yatsa ya saki tazara ɗaya,
ɗaya tak, faɗin ƙwayar gero,
tsakanin sunan fayil da tauraro.
Allo bai ce uffan ba.
Kwana tara ni da Malam Hamajoda muna kwafe rasidai
masu maiƙon ƙuli da shatin yatsa.
Wani tsoho daga Bibemi ya zauna a ƙofa da sandarsa,
ya ce, "Yaro, na jira damina, zan jira ka."
Da ma zagina ya yi.

Saboda haka, pwd, ki san inda kike tsaye.
ls, ki ga fuskar abin da za ki yanka.
Sannan wuƙa.

In na'ura ta yi ciwo, ba ta ɓoyewa,
tana rubuta kukanta layi bayan layi.
tail -f, ki zauna kusa da ita kamar mai jinya.
In surutun ya yi yawa, grep shi ne rariya,
tsaki ya tsaya, gari ya wuce.

Ƙarfe biyun dare cron zai farka ba tare da ke ba,
ya aiki rsync da kwafin komai zuwa Marwa.
Kada ki yarda da shi don bai taɓa makara ba.
Duk wata ki buɗe ajiyar, ki dawo da fayil guda.
Tulun da ba a leƙawa, ranar ƙishi ake sanin ya tsage.

Wutar Lagdo takan tafi ba sallama,
layin waya ya bi bayanta.
Dogon aiki, sa shi cikin tmux,
in kin dawo ki tarar da tuwonki a kan murhu.

Abin da kika yi sau uku da hannu, rubuta shi ya yi kansa,
ki bar bayani a samansa,
don matar da za ta karanta bayan wata shida
ke ce, kuma ta manta.
Kalmar sudo aron rawani ce, a naɗa, a yi magana, a cire.
Ranar Juma'a da yamma kada ki gyara abin da ke tafiya.

Sauran kuwa, history zai gaya miki.
Ban goge ba.
Duk tuntuɓena yana nan da lambarsa.
Hau kibiyar sama ki bi sawuna baya-baya,
za ki ga inda na yi ta maimaita kuskure ɗaya
har asuba.

Af, fankar hagu:
sai an ɗan mare ta take juyawa.